Herminia, Wadda Ta Nemo Mini Gurbi Kusa da Amparo

Da safiyar Talata, 11 ga Maris, ina zaune a ƙofar gida ina jiran rana ta gasa mini ƙafafu, sai aka kunna lasifikar da ke kan rufin majalisa. Na ɗauka batun ruwan famfo ne. Sai na ji sunanki, Herminia Velasco Cruz, magatakardar majalisar garinmu, Santa Rita del Cerro, wai Allah ya yi miki rasuwa da asuba a gidanki, kina da shekara hamsin da tara. Can kuma ƙararrawar coci ta soma bugawa a hankali. Ni mai shekara tamanin da huɗu, wanda sai ya huta sau uku kafin ya hau tudun kasuwa, ni aka bari ina sauraron ƙararrawarki.

Ƙafa ba ta bar ni na raka ki ba. Shi ya sa na rubuta wannan, na roƙi 'yarki Leonor ta karanta a dare na tara, daren ƙarshe na addu'ar da ake yi wa mamaci. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye wa jama'a ba, zuciyata a kwance take fiye da yadda ta kasance shekara uku da suka wuce, kuma ke ce sanadi.

Kowa ya tuna lokacin da majalisa ta yanke shawarar faɗaɗa hanyar mota ta gefen tsohuwar maƙabarta. Aka ce duk kabarin da ke jikin katangar arewa, in iyalinsa ba su kawo shaidar cewa an ba su wurin har abada ba, za a kwashe ƙasusuwan a kai babban ramin da ake tara na kowa. A jikin katangar nan matata Amparo take kwance, kusa da mahaifinta Don Macario, da gurbi ɗaya a hagunta wanda ta sa na yi mata alkawarin zan cike. Ɗanmu guda yana can Amurka, sai dai murya a waya. Ba ni da wani abu da nake jira a duniya sai gurbin nan, kuma ba ni da ko guntun takarda a kansa.

An ce doka ta ba kowa ikon neman takardun majalisa a rubuce. Na zauna na rubuta buƙatata yadda aka koya mana a makarantar da: gaisuwa ga shugaba, gaisuwa ga 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, sannan bayani, shafi huɗu da alƙalamin tawada. Kin karanta har ƙarshe, kika ɗago kai kika dube ni ta saman tabarau.

"Kawu Fidencio, wannan buƙata ce ko neman aure? In haka kuka rubuta wa Inna Amparo, ai ba mamaki ta yarda."

Na ce, "Ke dai buga hatimi, 'yar nan. A zamaninmu magatakarda ba ya wasa da tsofaffi."

Kika buga, kika rubuta kwanan wata, kika ba ni kwafi, kika ce in adana shi, domin buƙatar da ba ta da hatimin karɓa kamar ba a yi ta ba ce. Haka kike yi wa kowa. Na sha ganin matan ƙauyukan sama sun zo ba su iya karatu ba, ki rubuta musu da hannunki, ki karanta musu da harshenmu, sai sun ce haka ne sannan su dangwala yatsa. In layi ya yi tsawo, ki aika a kawo musu kunun masara daga kasuwa.

Amsa ta zo cikin kwanakin da doka ta ɗiba, layi biyu: littafin maƙabarta na zamanin Don Macario babu shi. Ruwa ya zuba a kansa tun kafin a haife ki, gara ta ƙarasa sauran. Na sake rubutawa, na nemi littafin zaman majalisa. Kin fito mini da shi, kika ba ni kujerarki mai matashi, na yi mako biyu ina bin sa da yatsa. Babu sunan Don Macario. Na nemi na coci, can ma babu. Buƙata bakwai na rubuta, duk suna nan cikin akwatina da hatiminki.

A nan ne na yi miki laifin da nake so jama'a su ji daga gare ni. Ranar da aka kafa turaku masu jan fenti a cikin maƙabarta, ɗaya daidai kan Amparo, na shigo ofishinki, na ce a gaban mutane kin ɓoye littafin ne don masu aikin hanya. Ba ki ɗaga murya ba. Kin sallami wanda ke gabanki, kika zuba mini kofi daga tulunki, kika ja kujera kusa da ni.

"Kawu, zagin ya ƙare ko da saura? In ya ƙare, ku gaya mini, nawa Don Macario ya sayi wurin?"

Na ce bai saya ba. Amparo takan ce da gadon bayansa ya biya, tun da har ya mutu bai sake miƙewa sosai ba bayan ginin katanga.

Kika ajiye kofin. "To ai mun ɓata shekara biyu muna neman sa inda ba ya nan."

Ni da na tsufa a garin nan, ni ya kamata in tuna. Katangar maƙabarta da aikin gayya aka gina ta, kamar yadda muke gyara hanya da rufin makaranta har yau. Abin da aka yi da gayya kuwa ba ya shiga littafin magatakarda. Mai kula da gayya ne yake riƙe da nasa littafin, in shekararsa ta cika ya miƙa wa na bayansa tare da sandar muƙami. Tsofaffin littattafan babu wanda ya san inda suka shiga. Kin bi gidajen waɗanda suka taɓa riƙe sandar, da 'ya'yansu, da jikokinsu, kowace Lahadi bayan an fito coci, har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Wata biyar kina yi. Daga baya Leonor ta gaya mini a lokacin likita ya riga ya faɗa miki ciwon da ke cikinki, ya ce ki daina hawan tudu.

A ƙarshe kin same su a ɗakin da makaɗan gari suke ajiye kayan busa, cikin akwatin katako da aka mai da wurin zaman mai babbar ganga. A littafin shekarar 1951 an rubuta cewa taron gari ya amince, duk wanda ya cika kwana arba'in yana ɗaukar dutse, an ba shi da zuriyarsa gurbi uku a jikin katangar da ya gina, har abada. Sunaye talatin da bakwai. Na goma sha ɗaya shi ne Macario Santiago, mahaifin Amparo, kwana arba'in da shida, da jakinsa, ga dangwalen yatsansa a gefe.

Ni kaɗai na nema, amma ba ni kaɗai kika ba ba. Kin liƙa kwafin shafin a ƙofar majalisa, kika sa aka karanta sunayen a lasifika. Taro ya zauna, aka karkatar da hanya ta bayan injin niƙa, aka tumɓuke turakun.

Tawa takardar kuwa da ƙafarki kika kawo mini, ranar Asabar ta farkon Maris. Na ga kin rame, kina haki, na ɗauka tudu ne. Na ce da kin aiko.

"In aiko, ku ce na ɓoye shafi ɗaya a hanya?"

Kunya ta rufe ni. Na kama hannunki na ce ki yafe mini. Kika ce kin yafe tun kafin kofin ya huce, amma kin bar ni ne in ɗan sha wahala don in rage tsawon wasiƙu. Muka yi dariya, kika ci gurasar masara ɗaya da gishiri, kika sauka. Kwana goma bayan nan kika tafi. Ina gode wa Allah da ya tsawaita kwananki har kika ga ƙarshen aikin, ya tsawaita nawa har na nemi gafararki ido da ido. An ce ba ki daɗe a kwance ba, kwana biyu ne, kina cikin hankalinki, jikokinki a kusa. Wannan ma ya sanyaya mini rai.

Jiya Don Cirilo magini ya je ya auna gurbin. Ya dawo yana sosa kai, wai ya ɗan gaza tsawona da taƙi guda, ko a sassaƙe gindin katanga. Na ce kada ya taɓa dutse ko ɗaya. Zan lanƙwashe gwiwa, haka nake kwanciya kusa da Amparo shekara hamsin.

Allah ya ji ƙanki, Herminia, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya ba ki hutawa ta har abada. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Don Aurelio, da Leonor da ƙaninta Ismael, da jikoki, da ma'aikatan majalisa, da iyalai talatin da bakwai waɗanda mamatansu suke kwance inda aka kwantar da su. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. In tawa ta zo, ya sa in tafi da sauƙi, domin yanzu na san inda za a kai ni.

Fidencio Ramírez Luis
Unguwar Sama, Santa Rita del Cerro