Tanti Paraskiva da Kurent

Duk wanda ya ce manaja ne mai iko a otal ɗinmu, to bai taɓa hawa bene ba. A sama Tanti Paraskiva ce, shugabar masu gyaran ɗakuna. Ubanta ne ke hura tukunyar ɗumama ginin a da. Ta shigo aiki tana budurwa, ta yi aure, ta haifi 'yarta Rodika, ta binne miji, duk da makullai a ƙugunta. Ni Tudorel, mai gyaran wuta da famfo, tun ina rarrafe take ja min kunne, har yau kuma ba ta daina ba.

Baƙinmu yawanci tsofaffi ne masu ciwon gaɓɓai, ruwan zafin da ke ɓulɓulowa daga dutse ke kawo su. Tanti ta san mai son filo biyu, ta san wanda gwiwarsa ba ta son gado mai tudu. Ba ta tsoron manaja, ba ta tsoron ɗan sanda. Abu ɗaya take tsoro a duniya: kurent.

Mu nan kowa ya san kurent, iskar nan da ke ratsa ɗaki in an bar ƙofa da taga a buɗe. Ita ke kawo ciwon kunne da na haƙori, ita ke sandarar da wuya. Ni kaina, da duk karatun wutata, ba na zama tsakanin taga biyu. Amma tsoron da Tanti ke mata ya wuce nan. Mijinta, in ji ta, kurent ce ta kashe shi, wani marar hankali ya buɗe taga a cikin bas. Likita ya ce huhu ne. Ta ce, "To me ya shiga huhun?" Tun daga ranar gyale bai bar wuyanta ba, ko a tsakiyar zafi.

Sai ga doka ta zo cewa babban gini irin namu dole a sa masa na'ura mai kula da ɗumi da iska da kanta. Aka farfasa mana rufi, aka sa wa kowane ɗaki 'yar raga a sama, tana zuƙe tsohuwar iska tana huro sabuwa. Ni aka tura koyo, kuma ba yabon kai ba, na iya. Daga waya ina ganin ɗakin da ya yi sanyi da wanda numfashi ya cika. Aikin ya burge ni ƙwarai.

Ana cikin haka injin benen sama ya haukace. Kuka yake dare da rana, yana shan wuta fiye da tsohuwar tukunya. Na hau tsani na kwance raga ɗaya, sai ga tawul a cushe a ciki, an goge shi, an ninke shi tsaf. Ɗaki na gaba ma haka. Mutum ɗaya ce a garin nan za ta goge tawul kafin ta toshe rami da shi.

Na same ta a ɗakin wanki tana cin mamaliga, tuwon masararmu, da cuku.

"Tanti, ke ce kika shaƙe min inji?"

"Ni ce. Zauna ka ci."

"Ba na ci. Kin san in kin toshe, sai ya ɗauka iska ba ta isa ba, ya ƙara ƙarfi?"

"Wawa ne kenan, irin mai shi. Kai Tudorel, a da kurent sai an buɗe mata taga take shigowa. Yanzu ku kun ja mata bututu har kan gadon tsofaffi, kuna biyanta wuta."

Raina ya ɓaci, amma dariya ta kusa ƙwace min. Na cire tawul ɗin duka. Washegari duk sun koma.

Maganar ta kai ga manaja Vasilake, domin masu duba gine-gine suna tafe, kuma na'urar ba ta iya ɓoye komai. Ya kira ta ofis ina tsaye. Mutumin kirki ne, gumi yake kafin ya fara.

"Tanti, kin san ina ganin girmanki. Amma in suka samu ramin nan a toshe, otal ne zai kwana a ciki. Ko ki bari, ko ki ajiye makullai."

"Makullai naka ne," in ji ta. "Wuyan baƙi kuma amanata ce."

Ta fita ba ta rufe ƙofa ba, sai ta dawo ta rufe, saboda tagarsa a buɗe take.

Hankalina ya tashi. Matar nan ba ta da wani gida da ya wuce benen can, kuma na san ta, ajiyewa za ta yi. Na bi ɗaki ɗaki na karkatar da fikafikan ragar suka kalli rufi, na rage gudun iskar yadda ko labule ba ya motsi. Sannan na je na ce ta zo ta gani.

"Gani ba ji ba ne," ta ce. "Ba zan kwantar da uwar wani inda ban sa wuyana ba. Gobe da safe."

Da safe ta zo da rigarta ta zuwa coci. Ta zaɓi ɗakin da injin ya fi kuka a da, na zare tawul ɗin ragarsa, ta ja kujera daidai ƙarƙashin ragar, ta zauna. Ta kwance gyalen ta ɗora a cinya. Rabona da ganin wuyanta tun rasuwar mijinta, siriri ne, fari fat.

"Kunna abinka, ka fita."

Na kunna na tafi gyaran famfo ina fito, don na tabbata da aikina. Sai da aka yi kiran abincin rana ta buɗe ƙofa. Ta juya kai dama, ta juya hagu, ta taɓa kunnuwanta, ta danna muƙamuƙi.

"Kwashe su daga ramukan duka," ta ce. "Amma wanke hannunka tukuna, kada ka ɓata min tawul."

Masu dubawa suka zo suka tafi lafiya, makullai suna nan a ƙugunta. Amma ba wannan ne ya tsaya min a rai ba. Da yammacin ranar da ta zauna ɗin, Rodika ta bugo min daga birni.

"Tudorel, me ya sami Mama? Da sassafe ta kira ni, ta gaya min akwatin da ta ajiye kayan da za a binne ta da su, da wanda zan ba wa kajinta. Na tambaye ta, ta ce aiki ne kawai."

Na ce mata lafiyarta ƙalau, yanzu ma ga ta can tana faɗa da masu wanki. Na kashe wayar na zauna a kan akwatin kayan aikina. Kunya da tausayi suka rufe ni. Ni duk safiyar nan na ɗauka gwajin inji muke yi.