Rijiya Ta Bakwai da Murhun Anti Opal

Duk wanda ya san Marlin Shoup ya san ba ya ga-maciji da gwamnati, kuma yana ji da hancinsa. Rijiyoyin mai goma sha ɗaya ya gada daga mahaifinsa a nan tsaunukan Pennsylvania, duk tsofaffi tukuf, in an haɗa abin da suke bayarwa a yini da kyar ya cika ganga huɗu. Amma in ka ji yana zancensu, sai ka rantse rabin man ƙasar nan daga hannunsa yake fitowa. Shekara arba'in da biyar yana zagaya su kowace safiya a tsohuwar a-kori-kurarsa, sifana a aljihu, kwalbar ruwan sabulu a kujerar gefe. In ya zargi wata mahaɗar bututu sai ya shinshina, ya fesa mata ruwan, in ta yi kumfa ya ɗaure ta.

Rijiya ta bakwai a bayan gidan Opal Hovis take, wadda kowa ya tashi yana kira Anti Opal. Lokacin da mahaifin Marlin ya haƙa ta, sun yi da mijin Opal irin yarjejeniyar da aka saba: gidan mai fili zai sha gas kyauta muddin rijiya na raye. Tana amarya aka kunna ɗan harshen wutar da ke zaune a cikin murhunta, ga ta yau da shekara tamanin da bakwai, bai taɓa mutuwa ba. Ɗanta Gary da ke Ohio ya daɗe yana son kai ta gidan tsofaffi. Kullum hujjarsa sanyi, kullum amsarta ɗaya: gidanta ya fi nasa ɗumi, kuma ko sisi ba ta biya.

Sai ga sabuwar doka. Kowace rijiya za a auna ta, wadda aka samu tana zubar da gas a gyara ta ko a cike ta da siminti cikin kwana casa'in. Waɗanda suka rubuta ta, da masu rijiya dubu da tulin lauyoyi suke, amma yadda ta hau kansu haka ta hau kan mai goma sha ɗaya. Ina shakkar ko sun taɓa taka laka da takalmansu. Ƙananan masu rijiyoyi da dama suka sayar suka huta. Marlin ya ce sai dai gawarsa, ya bar wa matarsa Jolene cike takardu, shi kuma ya ɗauki aikin zagi.

Ranar da jami'ar gwamnati, Dana Pruitt, ta iso da na'urarta, rijiya shida suka wuce lafiya. A ta bakwai ta tsaya.

"Mista Shoup, wannan tana zubar da gas."

"Yarinya, tun ba a haife ki ba hancin nan yake aiki a nan wurin. Akwatin naki ne ke da mura."

Dana ta nufi gidan. Ta nemi izinin Anti Opal, ta ja Marlin suka sauka ɗakin da ke ƙarƙashin gidan. A jikin bango, bayan kantar da tsohuwar ke jera kwalaben tumatir, akwai wata 'yar tsaga. Tana kai na'urar wurin, sai ta ɗauki ƙara. Bututun rijiyar ne ya ruɓe can cikin ƙasa, inda sifana ba ya kaiwa, gas ya bi ƙasa a hankali har ya samu ƙofa. A samansu kuwa, daidai kawunansu, murhu na ci.

Marlin ya daɗe a tsaye. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya.

"Kin fi ni gaskiya," ya ce.

Duk faɗin yankin nan babu wanda ya taɓa jin ya faɗa wa ma'aikacin gwamnati haka. A ranar ya toshe tsagar, ya fasa wa iskar hanya ta waje, amma rijiya kam ba ta gyaruwa, sai siminti. Kafin mako ya zagayo Gary ya kama wa uwarsa ɗaki a gidan tsofaffi.

Jolene ta zaro tsohuwar yarjejeniyar ta karanta masa. "Muddin rijiya na raye, in ji takarda. In ta mutu babu ruwanka. Takarda ta sake ka, tsoho."

"Ba takarda ce ta ci kek ɗin tuffa a ɗakin girkin Anti Opal shekara sittin ba. Ni ne."

"To me za ka yi? Hura mata za ka riƙa yi da baki?"

"Daga rijiya ta tara zan jawo mata gas."

"Ta tara? Da wannan gwiwar taka?"

Ta tara tana bayan tudu, fiye da rabin mil, kuma tudun dutse ne zalla. Shi ma bututun sai da izini. Dana ce ta zaunar da shi ta nuna masa inda zai sa hannu, yana sawa yana gunaguni. Mako na biyu dutse ya karya haƙoran injin haƙa, ya koma diga da shebur, mutum mai shekara sittin da takwas. Maƙwabta suka yi masa dariya har ta ishe su, daga baya suka fara zuwa ran Asabar da nasu shebur ɗin, suna haƙa suna ce masa mahaukaci. Jolene ta riƙa kai musu farfesun naman barewa, ba ta kuma daina mita ba.

A kwana na tamanin da tara aka haɗa bututun ƙarshe. Dusar ƙanƙara ta farko na sauka, motar siminti na tsaye a bayan gida, direban sai duba agogo yake, Dana na gefe da na'urarta. Marlin ya ce ko cokali ɗaya ba za a zuba ba sai ya ga wuta.

Da hannunsa ya rufe gas ɗin rijiya ta bakwai. Ɗan harshen wutar ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Anti Opal na zaune da bargo a kafaɗa. Ya buɗe sabon bututu, iska zalla ta riƙa fita. Ashana ta farko ta mutu, ta biyu ma haka.

"Ɗan Shoup, in ka kashe min wuta a banza, da ludayin nan zan raka ka har mota."

"Ki yi haƙuri, Anti, daga nesa yake tafe."

A ashana ta biyar wuta ta kama, ta zagaye murhun. Tsohuwar ta sunkuya ta ƙare mata kallo.

"Ba ta kai tawa shuɗi ba," ta ce, ta ɗora butar kofi. "Je ka rufe tsohuwar rijiyar. Ka ce mata na gode."

Ya fita ya ɗaga wa direban hannu. Ya cire hularsa, ya tsaya a cikin dusar yana kallon siminti na gangarawa cikin ramin da ubansa ya haƙa. Ya ce sanyi ne ya sa idonsa ruwa, Dana ta yi kamar ta yarda. Ta tagar ɗakin girki suka jiyo muryar Anti Opal a waya, da ƙarfi, don ba ta ji sosai.

"Gary? Ɗakin nan da ka kama, ka ce su ba wa wata tsohuwa. Ni ina gida."