Gas ɗin da Hancin Mama Celina Bai Ji Ba

Duk unguwar Television an san Mama Celina da abu biyu: renon yaran mutane, da hanci. Tun da mijinta ya rasu ta mayar da falonta wurin reno. Matan da ke aiki a masana'antun Kudenda sukan ajiye mata jarirai da safe, su ɗauka da yamma. Hancin kuwa, tun ranar da tukunyar gas ta fashe a gidan maƙwabta ta kashe wata ƙawarta, Mama ba ta shiga kicin ɗin kowa sai ta shinshina. Mutane na yi mata dariya, alhali babu abin dariya a ciki.

Ɗanta ne ya sa mata esi, na'urar sanyaya ɗaki, don yaran su samu barci a zafin bazara. Bana sai esin ya daina sanyi. Ta kira Tony mai gyara a waya, ya ce daga ji gas ne ya ƙare. Ta tambaye shi shekara nawa gas ɗin yake yi. Tony ya ce ai ba ƙona shi ake yi kamar na girki ba, zagayawa yake cikin bututu, yana iya kaiwa har injin ya tsufa. In ya ƙare, to ta wani wuri ya tsiyaye, kuma da wuya hanci ya ji shi. Ya ce yana nan tafe, ya kashe waya abinsa.

Mama ta ɗaga kai ta dubi esin. Gas yana tsiyaya a ɗakin da take rufe ƙofa da taga kan 'ya'yan mutane, ita kuma da duk shinshinarta ba ta ji komai ba. Ga Hope, 'yar Debby, ɗaya daga cikin matan da ke kawo mata reno, tun makon jiya take tari.

Ta kwashe yaran zuwa gindin mangwaro. Hope kam ba ta yarda ta ajiye ta ba. Ta kara kunne a ƙirjinta, ta ɗaga, ta sake karawa. Duk tarin da yarinyar ta yi sai Mama ta duba fuskarta. Tsoro take ji sosai, tana ta shirya yadda za ta dubi Debby ta ce mata ita ce ta shaƙa wa 'yarta guba.

Tony ya iso ya nemi ruwan sabulu. Ya shafa a mahaɗin bututu na cikin ɗaki, shiru. Ya zagaya bayan gida inda injin yake, ya shafa, nan take kumfa ta fara tashi. A jikin wannan bututun kuwa Mama ta ɗaure igiyar shanya, ga nafkin ɗin yara jiƙe sharkaf sun rinjaye ta. Nauyin wanki ne ya yi ta jan bututun har ya tsage.

"Mama, gas ɗinki a waje ya bi iska," in ji Tony. "Bai shiga ɗaki ba."

Ta sa shi ya maimaita, sannan ta kwance igiyar.

Da yamma ta faɗa wa Debby komai, ba ta rage ba, har da igiyar. Debby ta ce tarin mura ne, an duba a asibiti. Amma ta goya 'yarta ta tafi ba tare da hirar da suka saba ba, Mama kuwa ko tuwo ba ta iya ci ba.

Washegari tun da sassafe tana tsaye a bakin ƙofa. Sauran iyaye suka zo suka tafi. Can sai ga Debby a gurguje, ta makara. Ta sauke Hope ta miƙa mata, sannan ta ciro sabuwar igiya daga jaka.

"Mama, wannan a jikin mangwaro za ki ɗaura."

Mama ta rungume yarinyar, ta karɓi igiyar.