Da Wa Kake Cin Tuwo?

Shekarun baya can, zamanin En'e, tun kafin a sami 'yancin kai, aka tura ni koyarwa Tudun Wada. Ban daɗe da gama kwaleji ba, ba ni da mata, ban kuma san kowa ba. Aka ba ni ɗaki a ƙofar gidan wani dattijo manomi.

Mutanen gari sun girmama ni, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kullum bayan magariba a aiko mini da tuwo a kwano mai murfi, har da cokali. In rufe ƙofa in ci, ina jiyo magidantan unguwa a waje sun haɗa kwanukansu suna ciyayya, suna ta raha.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Ƙirjina dai ya riƙa ɗaurewa. In na tsaya gaban allo sai hannuna ya kama rawa har alli ya faɗi. Alwala kuwa in yi ta maimaitawa, ina kokwanton ko na wanke ƙafa. Babban tsorona shi ne labari ya kai Kano cewa sabon malami ya taɓu, a sallame ni, mahaifiyata ta ji a bakin mutane.

Wani malamin asibiti da muka fara sabawa ne ya lura. Ya ce, "Kwalabena babu maganin wannan. Amma akwai wani tsohon malami a wani ƙauye kusa da Dangora, a zaurensa yake ganin masu damuwa. Ka je."

Na ce, "Wataƙila gajiya ce kawai."

"To ka kai masa gajiyar."

Ranar da ba makaranta na hau keke. Nisan ma ya yi mini daɗi, don ba wanda zai gan ni. A hanya na gama shirya abin da zan tarar: hayaƙin turare, rubutun sha, wataƙila laya. Har na tsara yadda zan karɓa cikin ladabi ba tare da na yi alkawarin sha ba.

Sai na tarar da tsoho a kan buzu yana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya gida, lafiya lau. Ya turo mini ƙwarya ya ce in taya shi.

Ya ce, "Ɗan nan, ka ji tsarina tun yanzu. Abin da aka faɗa a zauren nan, nan yake kwana. Ban yi maka alkawarin waraka ba, wannan na Allah ne. Kuma sau ɗaya ba ya isa. In ka ga zaman bai karɓe ka ba, ka nemi wani, ba zan ji haushi ba. To, me ke tafe da kai?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, lafiya lau. Gaisuwa ce."

Muka ɓare gyaɗa har la'asar, na ajiye masa goro na tafi. Mako ya zagayo na koma, na sake cewa lafiya lau. Ku ma kun san yadda aka tarbiyyantar da mu: ko mutum yana kwance rai a hannun Allah, in an gaishe shi sai ya ce da sauƙi.

A wani zuwan ne ya ajiye gyaɗar ya dube ni. "Wato tun daga Tudun Wada kake tuƙo keke don ka kawo mini lafiya lau? Ai muna da ita a nan, har ta yi mana yawa. Ta farko gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu tambaya nake yi. Da wa kake cin tuwo?"

Na buɗe baki in ba da amsa, sai kuka ya riga ni. Ni da nake koya wa yara tsayuwa a miƙe, ga ni ina share majina da hannun riga. Bai rarrashe ni ba, bai kuma kawar da kai ba. Da na lafa, na gaya masa komai: allin, alwalar, tsoron. Na ce ba na fita ciyayya ne don ba ni da matar da za ta fitar mini da kwano, kuma kunya ce mutum ya zauna hannu rabbana.

Ya ce, "Wanda ake aiko maka fa, ba kwano ba ne?"

Na daɗe ina juya maganar kafin na iya fita ciyayyar. Ranar da na fito da kwanon, hira ta tsaya cik. Sai dattijon da nake gidansa ya ce, "Au! Malam, ashe kana da hannu? Mu mun zaci 'yan boko sai da cokali, shi ya sa muka ƙyale ka." Aka kwashe da dariya, wani ya matsa mini a tabarma. Su suna ganin girmama ni suke yi, ni ina ganin ba a gayyace ni ba.

Ban ce tuwo ya warkar da ni ba. Rawar hannun ta ɗauki lokaci kafin ta ragu, wani zaman ma da tsohon sai in fito jiki ya fi nauyi. Amma ba a sallame ni ba, kuma mahaifiyata a bakina ta ji labarin.

Daga baya shi da kansa ya ce in riƙa jinkirta zuwa. Bayan an mayar da ni wani gari, na koma gaishe shi, na tarar an jibge dawa a zauren. Ashe ya rasu tun damina.

In za ku je wurin irin waɗannan masu sauraro, ina ganin, ko da yake ban san na yanzu ba, kada ku sa ran abin sha a ranar farko. Ku sa ran tambaya. Har yau in an gaishe ni nakan ce lafiya lau, sannan in ɗan dakata, ko wani zai sake tambaya. Yawanci wucewa ake yi.