Tawul ɗin da Inna ta hana a goge kwano da shi

Jiya ina gyaran flat ɗinmu na unguwar Whalley Range, nan ƙasar Turawa, na ci karo da tawul ɗin nan, har yanzu yana ƙanshin turaren Inna. Tsarabar maƙwabciya ce daga Ostareliya, yana ɗauke da zanen kifaye da kalmomin Yindjibarndi, wasu mutanen can da ke buga harshensu a kayan gida don jikokinsu su gani.

Ranar da aka kawo shi, Inna ta shafa rubutun, ta kira 'yata: "Zo nan, takwara." Yarinyar ta amsa da Turanci. Inna ta dube ni, ta ce, "Su sun farga. Ku fa?"

Tun rasuwarta ba ni da abokin Hausa a gidan nan, kuma abin yana ba ni tsoro. Allah ya jiƙan Inna, kada ya sa ni ce ta ƙarshe mai jin Hausa a zuriyarta.