Faifan Ya Falmata

Mun tashi da asuba daga Azare, ni da ƙanena, da saƙo ɗaya tak daga Inna: a samo mata faifai mai rana. A unguwar Abbaganaram ta Maiduguri ta girma, kuma ƙawarta Ya Falmata ce gwanar saƙa irinsa, ja a cibiya, ruwan ɗorawa na bazuwa har baki. Wanda ta ba Inna ranar aurenta gobara ta cinye. Yanzu idon Inna ya tafi, ga hawan jini, amma ta dage sai an kawo.

A Potiskum muka karya da ƙosai, ƙanana ƙwarai, har ƙanena ya tambayi mai suya ko ba su gama girma ba. Daga Damaturu kuwa shinge bayan shinge, sauka, nuna kati, hau. Maiduguri ta tarbe mu da zafi da ƙamshin turaren wuta. A Abbaganaram aka ce mana tun ambaliya gidan ya koma unguwar Gamboru.

'Yar Ya Falmata ce ta karɓe mu da "wushe, wushe", sannun Barebari, ta kawo burabusko. Sai da muka ci muka ƙoshi sannan ta faɗa mana cewa tsohuwar ta rasu wata biyu da suka wuce. Da na gaya mata saƙon Inna, sai ta shiga ɗaki ta fito da wani faifai da ba a gama ba.

"Mama ta gama cibiyar, sauran ne ya rage," ta ce. "Ku kwana biyu, ni zan ƙarasa."

Ta ƙarasa shi tsaf, ni dai ban ga bambanci ba. A mota muka ƙulla da ƙanena cewa ba za mu gaya wa Inna ba.

Da muka iso na miƙa mata, na ce ƙawarta na gaishe ta. Ta fara shafawa daga cibiya, yadda ake saƙarsa, tana murmushi. Can yatsunta suka tsaya.

"Daga nan ba hannun Falmata ba ne," ta ce. "Kuma ita ba ta barin aiki rabi. Yaushe?"

Kuka ya ƙwace min. Tafiyar nan ta koya min cewa ba a yi wa uwa wayo, ko da ba ta gani. Har yau faifan na kan cinyarta, yatsunta ba sa wuce inda jan ya ƙare.