Na je Bakura don kada a gane ni

Ina shiga zauren, sai ga Malam Iro, maƙwabcina, zaune bisa tabarma.

Ni da na baro Mafara takanas don kada a gane ni! Wani ma'aikacin asibiti ne ya raɗa mini cewa masu son barin giya na haɗuwa nan duk Alhamis bayan La'asar.

Kunya ta sa na yi ta jan gaisuwa: gida, iyali, gona, na sake komowa kan gida.

Ya ce, "Zamna, Bello. Shekara biyu muna sahu ɗaya, ina jin warin. Ni ma nan na bari."

Na ce, "Mi ya hana ka yi mini magana?"

"Da ka canza masallaci."

Wallahi da na canza. Yau watana huɗu ban sha ba, kuma babur ɗaya muke hawa.

Ku da kun ji warin, magana za ku yi ko shiru?